Ankon Gemu na Misbahu Tela

A layin da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda aka daɗe ba a ji kukan jirgi ba sai na awaki, akwai shagon wani tela mai suna Misbahu. Ɗinkinsa ba laifi, sai dai bakinsa ya fi kekensa gudu. Babban abin alfaharinsa shi ne, tun da ya fara taka keke bai taɓa ɓata wa kowa kaya ba. Maganar tana da gaskiya ta wata fuska. An taɓa kawo masa ankon biki, dutsen guga ya ƙone aljihun riga ɗaya. Sai ya bi sauran rigunan ya ƙone su daidai wurin, ya zagaye kowace ƙuna da jan zare, ya ce sabon yayi ne daga Abuja. Masu biki suka sa, har da godiya.

Ran nan da hantsi amininsa Nafi'u, mai sayar da hatsi, ya shigo shagon ya turo ƙofa. Saura 'yan makonni a ɗaura masa aure da Nabila, malamar makaranta, 'yar Alhaji Shu'aibu na Shinkafi, wadda ya daɗe yana nema. Misbahu ne babban abokin ango, shi ne kuma mai ɗinkin anko.

Nafi'u ya ɗaga haɓa. A gefen dama na gemunsa ga wani fili kewayayye, girman gindin kofin shayi, sumul, ko tsinken gashi babu. Ya cire hula ya juya. Ga wani a ƙeya.

Misbahu ya saki almakashi. "Innalillahi! Wane wanzami ya yi maka wagga ɓarna?"

"Ba wanzami ba ne. Haka na wayi gari na gani. Na tahi asibiti, likita ya duba. Ya ce ba makero ba ne, kuma ba a ɗauka. Ya ce garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta rikice ta koma tana yaƙar tushen gashina, ta ɗauka baƙo ne. Ya ba ni maganin shafawa. Ya ce shina iya tsirowa, shina iya ƙaruwa, sai haƙuri."

"Wato jikinka ke cin gemunka."

"Kusan haka."

"To mi kake shirin yi?"

"In tahi Shinkafi in gaya wa Alhaji gaskiya."

Misbahu ya yi dariya har ya riƙe kan keke. Dariyar kuwa tana da dalili. Alhaji Shu'aibu tsohon duba-gari ne. Ya yi ritaya, amma idonsa bai yi ba. In ya je gidan mutum gaisuwa yakan leƙa randa kafin ya zauna. Ba ya sa hannu a kwano ɗaya da kowa. An ce ya taɓa sallamar mai neman babbar 'yarsa saboda tari biyu da ya yi a zaure.

"Ka gaya masa jikinka ya yi tawaye? Nafi'u, mutumin da ya kori tari, rami zai bari? Zauna in koya maka duniya. Mi ke sa a lura da tabo? Don shi kaɗai ne. Mutum ɗaya da rami a gemu, cuta. Mutum shida da rami a gemu, anko."

"Misbahu, gemu ba yadi ba ne."

"Duk abin da ake aunawa a yanka, yadi ne. Ka bar mini. Kada ka gaya wa Alhaji, kada ka gaya wa amarya. Ranar ɗaurin aure za mu shiga Shinkafi, samari su bi mu suna tambayar sunan askin."

Nafi'u mutum ne mai sanyi, ga tsoro ya riga ya kama shi. Ya ce to.

Washegari Misbahu ya tara abokan ango a shago. Cikinsu akwai Sanusi mai kabu-kabu, wanda ya fi kula da gemunsa a kan babur ɗinsa, da Kamaluddeen mai gyaran waya, da wasu biyu. Na biyar ɗin, Hafiz, yana can Zurmi, sai ta waya za a yi masa bayani. Misbahu ya tsayar da ango a tsakiya kamar mutum-mutumin nuna kaya, ya nuna musu ramin, ya bayyana shirinsa.

Sanusi ya dafe gemu da hannu biyu. "Wanga gemu? Ka san tun yaushe nake kiwonsa?"

"Ashe abotarku ta riga ce kawai," in ji Misbahu. "A ɗinka muku shadda, ku ci shinkafar Shinkafi, ku dawo. Amma ɗan gashin da zai tsiro kafin a gama cin kayan gara, shi ne ba ku iya ba ɗan'uwanku."

Aka dubi Nafi'u, wanda ya sunkuyar da kai. Jikin kowa ya yi sanyi. Kamaluddeen ya fara zama a kan kujera.

"Kai fa?" in ji Sanusi. Gemun Misbahu kuwa shi ne mafi cika a duk layin, baƙi wuluk, kullum a taje.

"Ni ne na ƙarshe. Mai aiki ba ya fara da kansa."

Ya ɗauko tef ɗin awo ya auna ramin ango tsawo da faɗi. Ya kawo kofin shayi ya kifa gindinsa a kan gemun Kamaluddeen, ya zagaye da allin ɗinki, ya sa reza. Gaskiya da'irar ta fita tsaf. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gemu da ƙeya, sannan ya jera su jikin bango, ya sa ango a tsakiya, ya ja baya yana sha'awar aikinsa.

Kamaluddeen ya leƙa madubi, ya dubi ango. "Misbahu, nashi a dama yake."

"Awo, haka ne."

"Namu a hagu."

Ashe Misbahu ne ya rikice. Da yake aunawa a bayan ango ya tsaya, da yake askewa kuma gaban mutane ya koma, ya bi hannunsa na dama.

"Na sani," in ji Misbahu. "Ai ban gama ba. Wanga na hagu gwaji ne."

Ya sake zaunar da su, ya buɗe wa kowa na dama. Sanusi yana kallon gashinsa na zuba a kan cinya, idanunsa suka kawo ruwa. Da aka sake jerawa, kowa yana da rami biyu a gemu, ango yana da ɗaya.

Misbahu ya juya ya dubi Nafi'u, reza a hannu.

"A'a," in ji Nafi'u, ya ja da baya. "Ni da nake neman wanda ya zube?"

"To kai kaɗai za ka bambanta? Ango shi ne zai ɓata anko?"

"Zaunar da shi!" in ji Sanusi. "Wallahi tunda munka yi biyu, sai ya yi biyu."

Haka Nafi'u ya fita daga shagon da rami ɗaya na ƙaddara, ɗaya na abota.

Da yamma Misbahu ya kira Hafiz a Zurmi. Layi yana yankewa, yana ihu a bakin shago, duk unguwa na ji. "Gindin kofi! Ka kifa a gemu, dama da hagu, ka zagaye, ka aske! Ka gane?" Hafiz ya ce ya gane.

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Ramin ango na gaskiya yana nan sumul yana sheƙi, na abokai kuwa kafin a kwana biyu ya yi baƙi-baƙi da tsiro. Misbahu ya sa doka: kowa ya biyo ta shago da sassafe a sake kankarewa, a shafa man gyaɗa don ya yi ƙyalli. Ƙyalli ya samu. Ƙudaje ma suka samu. Duk inda abokan ango suka zauna, hannu ɗaya na kore ƙuda daga haɓa.

Unguwa ta fara lura. A masallaci, wanda ke kusa da Sanusi a sahu ya matsa, na kusa da shi ma ya matsa, har liman ya juyo ya ce a cike gurbi, aka cike ta ɗaya ɓangaren. Mai shayi ya ware musu kofuna ya ɗaura wa kowanne zare a hannu. Wata mata da za ta Kasuwar Daji ta tsayar da Sanusi, ta ga haɓarsa, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Abdullahi wanzami, wanda ya gaji aska daga kakanni, ya zo shagon da zabirarsa a kafaɗa, a fusace.

"Kai tela! An ce askata ke raba wa mutane cuta. Tun shekaranjiya ko kan jariri ba a kawo mini ba. Ƙaƙa anka yi duk masu ramin nan daga shagonka suke fitowa?"

"Baba Abdullahi, hassada ba ta dace da furfurarka ba. Zamani ne ya wuce ka. Wanga shi ake kira askin 'yan boko."

"'Yan bokon ina?"

"Na Turkiyya."

"To Allah Ya sa Turkiyya ta karɓi gawarka," in ji tsohon, ya fita yana ƙunƙuni.

Abin da ya ƙara wa Misbahu ƙarfi shi ne, wasu samari uku na bakin kasuwa sun ji zancen Turkiyya, suka je suka yi wa kansu. Ya fito bakin titi yana nuna su da tef. "Kun gani? Ya kama gari!" Ya kama gari kuwa, domin a ranar direbobin Shinkafi suka tafi da labarin cewa wata cuta mai cin gemu ta ɓulla a Ƙaura, har ta fara shiga kasuwa.

Ana saura kwana kaɗan, Nafi'u ya zo awon safe da hula a karkace har kan ido. Misbahu ya ɗage ta. Rabin girar hagu ta tafi.

Sanusi ya miƙe tsam. "Na tuna ina da fasinja."

"Rufe ƙofa, Kamaluddeen," in ji Misbahu.

"Ku bari haka nan," in ji Nafi'u, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wahalar ta isa. Ku bar ni in kira Alhaji."

"Yanzu? Bayan mutane sun ba da gemunsu? Ka kira shi ka ce mi, ka ce sun yi a banza? Rabin gira ce fa. Wa ke amfani da gira duka?"

Ya fara da Sanusi, don kada ya gudu. Yana cikin aikin Sanusi ya yi atishawa, reza ta wuce iyaka, girar ta tafi gaba ɗaya. Ba a jima ba sai ga Ummi, matar Sanusi, ta taho da mayafi a hannu da muciya a ɗaya hannun, ta tsaya a ƙofar shago.

"Ina telan? Fito! Na aiko maka miji da fuska, ka maido mini da ƙwarya! Yaro ya gan shi ya fashe da kuka, ya ƙi yarda ubansa ne!"

Misbahu ya leƙo ta bayan labule. "Haba uwargida, ai tsirowa take."

"Taka ta fara tsirowa! Mi ya hana ka aske naka?"

"Ni ne na ƙarshe."

"Fito in yi maka na ƙarshen!"

Sai da mai shayi da Abdullahi wanzami suka ba ta haƙuri, shi wanzamin ma bai yi sauri ba. Bayan ta tafi Misbahu ya fito ya kakkaɓe riga, ya cire wa sauran rabin gira. Ya so ya daidaita ta ango da ta Sanusi, Nafi'u ya ɗauki almakashi ya riƙe, aka bar zancen.

Ranar ɗaurin aure suka tashi da hantsi. A da mutum yakan bar Ƙaura bayan la'asar ya nufi Shinkafi ba ya tunanin komai sai ramukan hanya. Yanzu, saboda 'yan bindiga, sai da rana, sai an haɗa ayari, kowa na addu'a a ransa. Suna cikin mota, duk farar shadda iri ɗaya, Sanusi ya tuna wa Misbahu alkawarinsa. Misbahu ya ce ya manta reza a shago. Tana cikin aljihunsa.

A wani shinge 'yan sa-kai suka tsayar da su. Babbansu ya leƙo ta taga, ya dubi fuska ta farko, ya dubi ta biyu, ya gyara riƙon bindigarsa.

"Ku fito. Ku cire huluna."

Suka cire. Ga ramukan ƙeya a jere.

"Wace ƙungiya ce wagga?"

Nafi'u ya buɗe baki, Misbahu ya riga shi. "Ƙungiya ce babba, ranka ya daɗe. Ni na kafa ta. Ni ne shugaba."

"Madalla. Shugaba ba ya ɗaukar alama ke nan. Zauna can. A ƙasa."

Aka zaunar da su a rana, farar shadda a kan jar ƙasa, man gyaɗa na narkewa yana gangarowa cikin wuya. Sai da direba ya rantse, Nafi'u ya buɗe buhun goro da alewar ɗaurin aure, wani daga cikin 'yan sa-kan kuma ya gane mai hatsin da yake saye a wurinsa, sannan aka sake su. Babban ya bi motar da kallo yana girgiza kai.

"Kun ga kwarjini?" in ji Misbahu da suka yi nisa. "Har tsoronmu ake ji."

Kowa ya ci gaba da kakkaɓe jar ƙasa daga shaddarsa.

A ƙofar gidan Alhaji Shu'aibu an shimfiɗa tabarmi, jama'a sun cika, liman ya zauna, waliyyan ango sun riga sun iso. Hafiz na Zurmi yana tsaye can gefe shi kaɗai, ya naɗe fuska da rawani, ba wanda ya matso kusa da shi. Da ya hango 'yan'uwansa ya taho da murna ya kwance rawanin. Kofin da ya samu a gidansu babban kofin silba ne na shan ruwa. Abin da ya rage na gemunsa ɗan siriri ne a tsakiyar haɓa, kamar jelar ɓera.

Abokan ango suka jeru za su gaisa. Mutanen da ke bakin tabarma suka janye ƙafafu. Wani ya ce, "Ita ce! Cutar Ƙaura ce!" Tabarmar farko ta watse.

Alhaji Shu'aibu ya fito daga zaure, dogo, siriri, tabarau a kan hanci. Bai miƙa wa kowa hannu ba.

"Kada wanda ya taɓa su. Ku, ku koma gindin darbejiyar can. A kawo ruwa da sabulu."

Ya bi su ya tsaya daga nesa kaɗan, hannuwa a baya, yana duban su ɗaya-ɗaya kamar yadda yake duban mahauta a zamanin aikinsa. Ya nuna Kamaluddeen. "Wanga farkon kamu ne." Ya nuna Sanusi. "Wanga ta hau sama." Ya iso kan Hafiz, ya daɗe. "Wanga a sanar da danginsa."

Nafi'u ya durƙusa. "Baba, ni kaɗai ke da ciwon. Na tahi asibiti. Likita ya ce garkuwar jikina ce ke yaƙar gashina, kuma ba a ɗauka."

"Na san da irin wanga ciwo," in ji Alhaji. "Da kai kaɗai ka zo, da na duba na yarda. Mutum ɗaya ƙaddara ne. Amma shida, wuri ɗaya, fasali ɗaya? Annoba ce, yaro. Ba ni ba da ɗiyata a cikin annoba. Malam liman, a yi haƙuri. A ɗage."

Nafi'u ya zauna daɓas a ƙasa. Waliyyinsa ya fara salati. Sanusi ya juya ya dubi Misbahu da ido ɗaya mai gira da ɗaya marar gira.

"Gaya masa."

Misbahu yana gefe, gemu cike, ya shagala da duban ganyen darbejiya.

"Alhaji, aski ne!" in ji Kamaluddeen. "Wanga tela ya yi muna da reza!"

Alhaji ya gyara tabarau. Ya matso taku ɗaya, ya ƙura wa ramin Kamaluddeen ido, ya girgiza kai. "Kada ku rufe cuta da ƙarya. Dubi da'irar nan. Ba kwana, ba karkata. Na yi shekaru ina duba aikin wanzamai, babu hannun ɗan Adam da zai fitar da wannan. Balle tela. Telan Ƙaura da ko wuyan riga ba su iya zagayewa."

Misbahu ya sauko da kansa daga kallon ganye.

"Alhaji, mi ka ce?"

"Na ce ba aikin mutum ba ne."

"To aikina ne! Ni nan, Misbahu! Ni na auna, ni na zana, ni na aske, ban da wancan na Zurmi, shi ya ɓata nashi! Har ango na ƙara masa ɗaya, ka duba ka gani in za ka iya raba nawa da na Allah!"

Jama'a suka sa salati. Liman ya ce wa Misbahu ya nemi gafara. Alhaji kuwa ko gezau.

"Baki ne. Duba-gari ba ya karɓar baki. Nuna."

"Ba ni da kayan aiki."

Sanusi ya cusa hannu a aljihun Misbahu ya zaro reza da alli, ya ɗaga sama kowa ya gani. Aka aika cikin gida aka kawo kofin shayi da madubi.

"To wa zai zauna?" in ji Misbahu, yana duban jama'a. Jama'a suka ja baya. Ya dubi abokan ango.

"Mu wurinmu ya ƙare," in ji Hafiz.

"Kai ne na ƙarshe," in ji Sanusi. "Ga ƙarshen ya zo."

Misbahu ya dubi Nafi'u a zaune cikin ƙura, ya dubi Alhajin da ya ce telan Ƙaura ba su iya zagaye ba. Ba a san wanne ya fi motsa shi ba. Ya zauna a kan turmi, Sanusi ya riƙe masa madubi da murna, ya kifa kofi a gemunsa ya zana. Amma aiki a fuskar wani daban, aiki a madubi daban. In ya nufi dama hannu ya yi hagu. Abin da ya fito ya fi kama da ƙwai.

"Ba ita ba ce," in ji Alhaji.

"Gwaji ne."

Ya koma ɗaya gefen. Sanusi ya ɗan karkata madubin, wataƙila ba da gangan ba. Wannan karon ta fito kamar ganyen kuka. Ya ce zai gyara, ya faɗaɗa ta farko, ta haɗu da ta biyu ta ƙarƙashin haɓa. Yara suka hau katanga. Mata suka cika bakin zaure suna leƙe. Duk gyaran da ya yi sai wani yanki ya faɗi a kan farar shadda, jama'a su ce "Ayya!" baki ɗaya, har aka kai ga babu inda za a kifa kofi.

Ana cikin haka Hajiya Rekiya, kakar amarya, ta ratso mutane da sandarta, ta nufi ango kai tsaye.

"Ina mijin nawa? Kai, haka kaji sunka tsattsage ka?" Ta kama haɓarsa ta murza ramin dama da babban yatsa, ta murza na hagu. "Shu'aibu, ajiye tabaran nan ka sa hannu. Wanga santsi, wanga ƙaiƙayi."

Alhaji ya matso. Ya naɗe hannun riga ya taɓa. Ya bi sauran ya shafa ramin kowa, kowanne yana karce masa yatsa da sabon tsiro. Ya dawo kan na dama na Nafi'u, ya daɗe yana dubawa, ba ja, ba ƙuraje, ba ɓawo. Ya wanke hannu da sabulu sau biyu.

"Mi ya hana ka zo ka gaya mini tun farko?"

"Tsoro, Baba."

"Amarya ta aiko ni," in ji Hajiya Rekiya. "Ta ce ita ba gemu ta ce tana so ba, ya tsiro ko kada ya tsiro. Ɓoyon da anka yi mata kuwa, ta ce za su yi maganarsa su biyu. Ta kuma ce a riƙe mata wanda ya ƙara masa na hagu."

Alhaji ya juya wajen liman. "Malam, bismillah."

Aka dawo da tabarmi, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Nafi'u yana shafawa yana kuka, Sanusi na bubbuga masa baya. Misbahu ya tashi daga kan turmi da tsibi-tsibin gashi a fuska, ya bi layi yana gaisawa da mutane.

"Kun ga yadda na tsara? Da ban kawo su shida ba, wa zai sa Alhaji ya taɓa da hannunsa? Tun daga Ƙaura na hango haka."

Da aka fito da abinci, Alhaji ya sa aka shimfiɗa wa ango da abokansa tabarma a zaurensa, kusa da shi. Misbahu ya cire takalmi zai shiga, Alhaji ya tare ƙofa da sanda. Ya nuna masa gindin darbejiya, inda aka ajiye kwano ɗaya da moɗa ɗaya.

"Alhaji, ai ka ce ba a ɗauka!"

"Na ango ba a ɗauka," in ji Alhaji. "Naka kuwa ga shi ya kama mutum shida ina gani. In ka gama ci, ka tahi da kwanon."